Yin Aiki da Kwamfutar Babban Ofishi Daga Nesa ta Hanyar Tauraron Ɗan Adam

Gabatarwa

Ƙungiyoyin raya karkara da yawa suna da babban ofishi a Yamai da ƙananan ofisoshi a jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, wasu ma a cikin garuruwan da layin salula ke zuwa yana ɗaukewa. Manhajar lissafin kuɗi, da rajistar masu cin moriyar aiki, da takardun alawus na malaman yaƙi da jahilci, sau da yawa duk suna ajiye ne a cikin kwamfuta guda a babban ofishi. Ma'aikacin da ke karkara dole ne ya shiga wannan kwamfuta daga inda yake, in ba haka ba sai ya hau mota, alhali daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne. Idan shigar ta gagara a ƙarshen wata, rahoto ya makara, kuɗin malamai ya makara, ajin karatun manya kuma ya fara watsewa.

Don haka ne ake kafa intanet na tauraron ɗan adam a irin waɗannan ofisoshi. To amma da an fara aiki sai ƙorafi ya taso: shafuka suna buɗewa lafiya, amma da zarar an kunna VPN sai komai ya yi nauyi, ka danna harafi ka zauna kana jiran ya bayyana. Shugabanni sukan ɗauka ƙarfin layin ne ya yi kaɗan, su ƙara kuɗi a ƙara masa faɗi, matsalar kuwa tana nan inda take. Mai karatu, wannan bayani zai nuna maka cewa galibin wahalar daga nisan tafiyar saƙo take, kuma maganinta shi ne rage yawan kai-komon da saƙo ke yi tsakaninka da babban ofishi.

Ma'anar kalmomi uku

Intanet na tauraro. A nan, eriya mai siffar kwano ko faifai da ke kan rufin ofishinka tana aika saƙo sama zuwa tauraro, tauraron ya sauko da shi a wata babbar tashar ƙasa, daga can ya shiga wayoyin intanet na duniya. Ƙananan tashoshi na tsohon tsari su ne ake kira VSAT.

VPN. Keɓaɓɓiyar hanya ce da ake shimfiɗawa a cikin intanet tsakanin kwamfutarka da babban ofishi. Duk abin da ya shiga cikinta ana kulle shi da mabuɗin sirri, ta yadda wanda ya tsinci saƙon a hanya ba zai iya karanta shi ba. Da ita kwamfutarka takan zama kamar tana cikin ginin babban ofishi.

Sarrafa kwamfuta daga nesa. Manhaja ce da ke kawo maka hoton fuskar wata kwamfuta mai nisa a kan taka, kai kuma duk abin da ka danna ko ka rubuta ya tafi can. Aikin a can ake yin sa, hoto ne kawai ke zuwa maka. Wadda ke cikin Windows ana kiran tsarinta RDP, kuma a kwamfuta mai harshen Faransanci za ka same ta da sunan Connexion Bureau à distance. Akwai kuma VNC, TeamViewer da AnyDesk.

Faɗin hanya daban, jinkiri daban

Kowane layin intanet yana da ma'auni biyu. Na farko faɗin hanya, wato yawan bayanin da zai iya wucewa a cikin sakan guda, ana auna shi da megabit. Shi ne ƴan kasuwa ke rubutawa da manyan haruffa a takardar talla. Na biyu jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo da amsa, ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Ka ɗauki misalin rijiya mai zurfi irin ta ƙasar Damargu. Wasaki ya fi ƙaramin guga ɗebo ruwa a ja guda, amma tsawon igiya bai canza ba. Wanda aikinsa ke buƙatar ya zura ya jawo sau ɗari, girman wasaki ba zai rage masa lokaci ba. Faɗin hanya shi ne girman gugan, jinkiri kuwa tsawon igiya.

Taurarin VSAT suna tsaye ne a saman tsakiyar duniya, a nisan kilomita 35,786. A wannan nisa tauraro yana kewaya duniya daidai da juyawarta, shi ya sa kake ganin kwanon a kafe yana duban wuri guda. Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a sakan. Tambayarka za ta hau ta sauka, kusan kilomita 72,000 ke nan. Amsa ma za ta hau ta sauka, wasu 72,000. Jimla kimanin kilomita 144,000, wanda ya kama milisakan 480. Idan aka haɗa da aikin na'urori da tafiyar waya daga tashar ƙasa, abin da aka saba gani shi ne milisakan 600 ko fiye. Babu kamfani ko ma'aikacin da zai iya rage wannan, domin babu abin da ya fi haske sauri.

Abin lura kuma shi ne, babbar tashar ƙasa ba lalle ne ta kasance a Nijar ba. Tana iya zama a Turai, sai saƙonka ya sauka can, ya biyo wayar ƙarƙashin teku ya dawo Yamai. Idan kuwa babban ofishin shi ma da VSAT yake aiki, saƙon zai hau tauraro sau biyu, jinkirin ya ninka ya wuce sakan guda. Saboda haka wajibi ne a ɗora babban ofishi a kan layin ƙasa, wato wayar faiba, duk inda hakan ya samu.

Yadda rabin sakan ke zama minti biyu

Rabin sakan ba wani abu ba ne idan sau ɗaya za a jira shi. Matsalar ita ce kwamfutoci ba sa magana a numfashi guda. Kafin a buɗe shafi mai tsaro, kwamfutarka za ta tambayi adireshin wurin, ta yi sallama a amsa mata, su yi musayar mabuɗai, sannan ta roƙi shafin. Wannan kai-komo huɗu ne ko biyar, wato kusan sakan 3 kafin harafin farko ya iso.

Bayan haka, tsarin da ake kira TCP, wanda yawancin ayyukan intanet ke hawa kansa, ba ya zuba kaya gaba ɗaya. Yakan fara da kimanin kilobait 14, ya jira a ce masa an samu, sannan ya ninka, ya sake jira. Fayil mai megabait 1 zai buƙaci irin wannan zagaye kamar bakwai, fiye da sakan 4 ke nan, komai faɗin layinka. Idan kuma wani ƙunshi ya ɓace a hanya, TCP yana ɗauka cunkoso ne, sai ya rage gudu ya sake hawa a hankali.

Mafi muni su ne manhajojin da aka ƙera don aiki a cikin gini guda, irin su wasu manhajojin lissafin kuɗi, da rumbun bayanai na Access, da buɗe fayil kai tsaye daga jakar da aka raba a uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ofishi. Waɗannan suna da yawan tambaya. A ce buɗe littafin kuɗi na wata guda yana buƙatar tambaya da amsa 200. A cikin ofishi, inda jinkiri bai wuce milisakan 1 ba, aikin zai ƙare kafin ka ɗauke yatsa. A kan VSAT kuwa, 200 sau milisakan 600 ya ba da sakan 120, minti biyu cif. Idan layin ya yanke ana tsakiyar rubutu a cikin irin wannan rumbu, fayil ɗin yana iya lalacewa ga kowa da kowa, har da waɗanda ke zaune a Yamai.

Dalilin da ya sa VPN ke ƙara nauyi

Kamfanonin VSAT sun daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa suke sanya wata dabara a cikin akwatin da ke haɗe da kwanon. Ana kiranta PEP, mu ce da ita mai hanzartawa. Aikinta kamar na wakili ne: da kwamfutarka ta aika ƙunshi, sai ta amsa nan take cewa an samu, a madadin wancan ɓangaren mai nisa, ita kuma ta ɗauki nauyin isar da kayan. Ta haka kwamfutarka ba ta tsayawa jira. Wannan ne ya sa shafuka da wasiƙu ke tafiya da ɗan dama a kan VSAT.

Sai dai wakilin ba zai iya amsawa ba sai ya karanta lamba da adireshin da ke bayan ambulan ɗin. VPN irin su IPsec, WireGuard da OpenVPN mai hawa UDP suna saka ambulan ɗin gaba ɗaya a cikin kulallen akwati. Mai hanzartawa ba ta ganin komai, sai ta bar saƙon ya yi cikakkiyar tafiyarsa. Saurin da ka saba gani kafin ka kunna VPN na aro ne, da ka kunna sai ainihin jinkirin tauraron ya bayyana.

Kada wannan ya sa ka ce a bar VPN. Abin da tauraro ya sauko da shi yana zuba ne a kan ƙasashe da dama lokaci guda, kuma duk mai kwano a yankin yana iya kama shi. A shekarar 2020 wani mai bincike na Jami'ar Oxford a Ingila, James Pavur, ya nuna cewa da kayan kallon talabijin na kimanin dalar Amurka 300 ya iya karanta saƙonnin intanet na tauraro waɗanda ba a kulle ba. Sunayen mata masu karɓar tallafi, da lambobin wayarsu, da adadin kuɗin da ake kai wa ƙauye kaza ran kaza, amana ce a wuyanka, fallasarta kuma tana iya jawo haɗari ga rayukan mutane.

Ga hanyoyin da ake bi a samu tsaro ba tare da an rasa gudu gaba ɗaya ba:

1. A raba hanya. A saita VPN ta ɗauki abin da ke zuwa babban ofishi kaɗai, sauran zirga-zirgar intanet ta bi hanyarta kai tsaye. In ba haka ba, ko labaran rediyo ka buɗe sai sun je Yamai sun dawo.

2. A yi amfani da kulle irin na shafukan banki, wanda ake kira TLS, inda adireshi ke farawa da https. Shi abin da ke cikin wasiƙa yake kullewa, ya bar bayan ambulan a fili, don haka mai hanzartawa tana iya aikinta. Uwar garke ta Windows tana da wata ƙofa mai suna RD Gateway da ke shigar da sarrafawa daga nesa ta wannan hanya.

3. Idan ofishi guda ne za a haɗa da ofishi guda, a tambayi kamfanin VSAT ko yana da na'urar da ke hanzartawa tukuna sannan ta kulle. Wannan tambaya kafin a sa hannu a kwangila ake yin ta.

4. A rage girman ƙunshi. Ƙunshin intanet na yau da kullum bait 1,500 ne, VPN kuma tana ƙara nata kaya a kai. Idan ya yi girma sai a farfasa shi ko a jefar. Alamar haka ita ce ƙananan shafuka su buɗe, manya su tsaya cik. Mai kula da na'urori ya sauke ma'aunin da ake kira MTU zuwa 1,400, in bai isa ba ya ƙara saukewa.

5. A tsawaita lokacin jira, don kada VPN ta ɗauka layin ya mutu alhali amsa tana hanya.

6. A guji tsohon tsarin PPTP. Tun shekarar 2012 aka nuna a bainar jama'a yadda ake fasa kullensa.

Sarrafa kwamfuta daga nesa: amfaninta da iyakarta

Wannan dabara ita ce maganin manhaja mai yawan tambaya. Tun da manhajar da fayil ɗinta suna zaune wuri guda a Yamai, tambayoyin nan 200 a can za a yi su cikin ƙiftawar ido, kai kuma hoton sakamakon ne zai zo maka. Ba ta cin layi da yawa: aikin rubutu da lissafi yakan tsaya tsakanin kilobit 100 zuwa 200 a sakan. Wani babban alheri kuma shi ne, idan layi ya yanke, aikinka yana nan a buɗe a can, da ka sake shiga sai ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Iyakarta ita ce kowane harafi da ka danna sai ya je Yamai, hotonsa ya dawo, kafin ka gan shi. A jinkirin da bai kai milisakan 150 ba, da kyar za ka lura. Ya wuce 200, hannu zai fara rigan ido. A milisakan 600, cike gurabun fom da danna maɓallai suna yiwuwa in an yi haƙuri, amma rubuta dogon rahoto azaba ce, kuma kurakurai za su yi yawa. Don sauƙaƙa aikin, ka kiyaye waɗannan:

1. Ka rubuta dogon bayani a kan kwamfutarka, sannan ka kwafa ka liƙa a can. Kai-komo ɗaya ke nan maimakon dubu.

2. Kafin ka shiga, ka buɗe zaɓuɓɓukan manhajar. A shafin da aka rubuta Expérience akwai zaɓi na musamman don layin tauraro, ka zaɓe shi. Ka cire hoton bango da ƙawar motsin tagogi, ka bar zaɓin ajiye hotuna a kunne don kada a riƙa sake aiko maka da abin da ka riga ka gani.

3. Ka rage launi zuwa bit 16, ka rage girman fuskar, ka kashe sauti.

4. Ka yi amfani da maɓallan allon rubutu wajen tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi. Jan shafi da linzami yana sa a sake zana fuskar gaba ɗaya.

5. Idan ka danna ba ka ga komai ba, ka ƙirga zuwa uku. Danna sau biyu yana iya shigar da biyan kuɗi sau biyu.

6. Kada ka kalli bidiyo ko ka yi taron murya ta cikin kwamfutar nesa. Bidiyo yana cin megabit da dama. Ka buɗe shi a kan taka.

7. Takarda mai shafuka da yawa, ka mayar da ita PDF a can, ka sauko da ita, ka buga a nan.

Ka sani kuma cewa Windows na gida, wanda ake kira Famille, ba ya karɓar mai shiga ta RDP, Windows Pro kuwa mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Idan ofisoshi uku za su yi aiki tare a ƙarshen wata, sai an tanadi uwar garke da lasisinta.

Taurari na kusa da abin da suka canza

Tun da nisa ne tushen jinkiri, kusanto da tauraro shi ne ya kawo sauyi na gaske. Taurarin O3b, da aka fara harbawa a 2013, suna kewayawa a nisan kimanin kilomita 8,000, jinkirinsu kusan milisakan 150. Na OneWeb suna kilomita 1,200. Na Starlink na farko an sanya su a nisan kimanin kilomita 550, jinkirinsu yakan kasance tsakanin milisakan 25 zuwa 60 inda tashar ƙasa ke kusa, ya ƙaru idan tana nesa. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka, a Nijar kuma ya fara a watan Maris na 2025 bayan ya sami izinin hukuma. A irin wannan layi VPN da sarrafawa daga nesa suna tafiya kusan kamar a kan waya, kuma ba a buƙatar mai hanzartawa. WireGuard, wanda aka shigar cikin zuciyar Linux a 2020, da IKEv2 duk suna dacewa da shi.

Amma shi ma yana da halinsa. Taurarin ba a tsaye suke ba, suna gudu ne, eriyar kuma tana sauya tauraro a kai a kai. Idan reshen dalbejiya ko tankin ruwa ya tare wani sashe na sama, layin zai riƙa yankewa na ƴan sakanni. Mai kallon bidiyo ba zai lura ba, amma mai aiki a kwamfutar nesa zai ga fuskar ta daskare. Manhajar wayar Starlink tana da hanyar duba abin da ke tare sama, ka yi amfani da ita kafin a huda rufi.

Na biyu, a tsarin biyan kuɗi na gama-gari ba a ba ka adireshin intanet naka na kanka irin na IPv4, kuna tarayya ne da wasu. Ma'ana, daga waje ba za a iya ƙwanƙwasa ƙofarka ba. Don haka ofishin karkara ne zai riƙa kiran babban ofishi, shi kuma babban ofishi ya kasance da tsayayyen adireshi. A saita VPN ta riƙa aika ƴar alamar rai, misali kowane sakan 25, don hanyar ta zauna a buɗe.

Ruwa, rana, ƙura da wuta

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, hadari mai nauyi yana raunana saƙon tauraro, musamman a zangon da ake kira Ku da Ka. Zangon C ya fi juriya, amma kwanonsa babba ne kuma ya fi tsada. Idan ka ga gabas ta haɗe, ka adana aikinka, kada ka fara rufe lissafin wata. Kwanon VSAT kuma yana da wata ɗaukewa sau biyu a shekara, wajen watan Maris da wajen ƙarshen Satumba, lokacin da rana ke bi ta bayan tauraron daidai. Mintuna kaɗan ne a rana na ƴan kwanaki, ba lalacewa ba ce, ba sai an kira mai gyara ba.

Da hunturu, ƙura tana kwanciya a kan eriya da farantan hasken rana, a riƙa share su da tsumma mai laushi. Da bazara, a ajiye akwatunan cikin gida a inuwa inda iska ke ratsawa. Eriyar Starlink ta yau da kullum tana cin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfurinta, sai a sa wannan cikin lissafin batir. Ɗaukewar wuta ta sakan ɗaya tana sa na'ura ta ɗauki mintuna kafin ta sake kama tauraro, don haka batirin tsaro wajibi ne. Haka kuma a Yamai: idan wuta ta ɗauke uwar garke ta mutu, duk ofisoshin karkara sun tsaya tare.

Ka'idojin tsaro

Kada a taɓa buɗe ƙofar RDP, mai lamba 3389, kai tsaye ga intanet don a guje wa nauyin VPN. Ɓarayin intanet suna da na'urorin da ke kewaye dare da rana suna neman wannan ƙofa, kuma tana cikin manyan hanyoyin da masu kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ke shigowa. A watan Mayun 2019 an gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa BlueKeep, wadda ke ba da damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Tallafin Windows XP ya ƙare a 2014, na Windows 7 a 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma a watan Oktoban 2025. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro ba ta cancanci ta zama ƙofar ofishi ba.

Kowane ma'aikaci ya sami sunan shiga nasa da kalmar sirri mai tsawo, tare da tabbaci na biyu. A ƙauyen da saƙon salula ba ya zuwa, a yi amfani da manhajar waya mai fitar da lamba, domin ita ba ta buƙatar layi. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ranar za a rufe sunansa. Wanda duk ya kira ka yana cewa shi mai gyara ne, ka karanto masa lambar AnyDesk ko TeamViewer, ka kashe wayar ka kira babban ofishi da lambar da ka sani. A kuma raba layin baƙi da na aiki, don wayoyin jama'a kada su cinye layin ranar da ake tura rahoto.

Ta fuskar doka, hukumar ARCEP ce ke kula da harkar sadarwa a Nijar, sai a sayi kayan aiki ta hanyar da ta amince da ita. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a 2022. Rajistar ɗalibai da ta masu karɓar tallafi suna ƙarƙashin wannan doka.

Gwaji kafin sayayya

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A kowace kwamfutar Windows akwai ɗan umarni mai suna ping. Ka buɗe baƙar tagar umarni, ka rubuta ping -n 100, ka bi shi da adireshin uwar garken ofishinku. A ƙarshe zai nuna maka matsakaicin jinkiri da adadin ƙunshin da ya ɓace. Ka yi gwajin da VPN a kunne, zuwa Yamai, domin gwajin gudu na shafukan intanet wata tasha ta kusa yake aunawa, ba ofishinku ba. Ka maimaita da safe, da azahar, da bayan magariba, har mako guda, kana rubutawa a littafi. Idan jinkirin yana nan daram a 600 kowane lokaci, nisan tauraro ne, ƙarin megabit ba zai taɓa shi ba. Idan da safe ƙasa yake da yamma ya hau, cunkoso ne, a nan ƙarin faɗi ko hana sabunta manhajoji da rana zai taimaka. Idan ƙunshi yana ɓacewa fiye da 1 ko 2 cikin 100, a duba saitin kwano, da wayoyi, da abin da ke tare sama. Da wannan littafi a hannu za ka yi magana da kamfani da hujja.

Kowane aiki da hanyarsa

Daga ƙarshe, ka dubi ayyukan ofishinku ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka ko lalle ne a yi wannan a kan layi. Ɗaukar sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci ana iya yin sa a waya ba tare da layi ba, da manhajoji irin su KoboToolbox ko ODK, a tura gaba ɗaya idan an dawo ofishi. Rahoto a rubuta shi a kan kwamfutar gida a aika ta wasiƙa. Manyan fayiloli da hotuna a bar su su tafi da dare. Abin da ya rage, wato shigar da lissafi a manhajar babban ofishi da tabbatar da biyan kuɗi, shi za a yi ta sarrafawa daga nesa, a cikin kulallen layi, da safe kafin jama'a su cika shi. Ka kuma tanadi hanya ta biyu, ko da layin salula ne a garin da ke kusa, ka gwada ta tun kafin ranar buƙata, ka rubuta matakan shiga a takarda cikin harshen da ma'aikatanku suka fi ji, ka liƙa ta kusa da kwamfutar.